Ranar da Na Jera Yara Bisa Tsawo

Shekarata uku da fara koyarwa aka mayar da ni wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a ƙasar Kabo. A Gwarzo nake zaune da maigidana, don haka kullum sai na yi sammako na kama mota, in na sauka a bakin titi na hau acaɓa zuwa ƙofar makaranta. Turanci nake koyarwa a aji biyu, kuma ba zan ɓoye ba, na iya aikina. Tun ina kwalejin ilimi aka san ni da sauƙaƙa abu mai wuya. In na shiga aji babu mai gyangyaɗi.

Cikin darussan da na fi jin daɗin koyarwa akwai na kwatanta abu da abu. Mu da Hausa kalma ɗaya ta ishe mu: wane ya fi wane tsawo, wance ta fi kowa haƙuri. Da "fi" muke gama komai, siffar ba ta canza kama. Bature kuwa siffar da kanta yake taɓawa. "Tall" sai ta koma "taller" in mutum biyu ake gwadawa, ta koma "tallest" in ana maganar wanda ya fi kowa. In kalmar doguwa ce kamar "beautiful", ba ya ƙara mata komai a ƙarshe, sai ya ajiye "more" ko "most" a gabanta. A nan yaranmu ke rikicewa. Sai ki ji yarinya ta haɗa duka biyun ta ce "more taller", don a ganinta hakan ya fi ƙarfi.

Ina da dabarata ta maganin wannan, wato tafi. Nakan ce su faɗi kalmar suna tafa kowace gaɓa. In tafi ɗaya ya gama ta, a ƙara mata "er" ko "est". In sai da aka tafa uku, a kawo "more" ko "most". Masu gaɓa biyu kuma nakan ce a bar min su sai wani mako, don su ne masu taurin kai. Yara suna son wannan darasi saboda hayaniyarsa, har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu yakan leƙo ya tambaya ko biki muke yi.

Wata Talata, bayan mun sha tafi, na ga ya kamata su ga abin da idonsu. Na ce 'yan layin gaba su fito su tsaya a gaban allo, na jera su bisa tsawo, doguwar cikinsu a wajen taga, aka yi ta gangarowa har bakin ƙofa. Na dafa kafaɗar ta farko muka yi "tall, taller, tallest". Sannan na juyo ɗaya gefen.

Wadda ta zo ƙarshe wata yarinya ce da ke zama a lungun gaba. Siririya ce, kanta bai wuce ƙirjin sauran ba, kullum da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabinta ko da ana zafi. Rubutunta ya fi na kowa tsabta, amma ba ta ɗaga hannu sai an kira ta. Abin da na sani game da ita ke nan. Na ɗora tafin hannuna a kanta na ce, "She is the shortest girl in the class." Na ce aji ya maimaita. Suka maimaita. Na ce ban ji ba, su ɗaga murya. Sau uku suka faɗa, ana dariya, ni ma ina dariya. Yarinyar ta ɗan yi murmushi tana kallon ƙasa, na ɗauka daɗi take ji an fito da ita.

Da aka tashi tara ina zaune a ɗakin malamai na jiyo wasu yara suna kiran "Shotes! Shotes!", wato "shortest", a bakin famfo. Har na ce wa malamar da ke kusa da ni, "Kin ji ko? Darasin ya shiga."

Washegari kujerarta babu kowa. Alhamis ma haka. Ban damu ba, don ta saba yin fashi. Sai da mako ya zagayo, ina kiran rajista na zo kan sunanta, monitar ajin ta miƙe ta ce, "Malama, ta ce ba za ta ƙara zuwa ba."

"Saboda me?"

Ta sunkuyar da kai, sauran ma suka sunkuyar. Daga baya wata daga can baya ta ce, "Sunan da ake kiranta da shi ne. Har garinsu ya kai. Yara suna bin ta da shi in ta je ɗebo ruwa."

Na je wurin shugabar makaranta, wata Hajiya da ta kusa ritaya, wadda ta san gidan kusan kowace yarinya. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta ce, "Kin san shekarunta? Ta girmi duk 'yan ajin nan, wasu da shekara uku. Sikila gare ta. Ciwon ne ya hana ta girma, shi ne ya hana ta fara makaranta da wuri. Da ƙyar muka shawo kan kakarta ta bar ta take zuwa."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Amma ban tsaya jimami ba, na ce, "Hajiya, a kwatanta min gidan. Ni na kore ta, ni zan dawo da ita."

Ranar Asabar na tafi. Ƙauyen yana gaba da Durun kaɗan, lokacin an yanke gero, dawa kuma tana tsaye ta sunkuyar da kai. Mai acaɓa ya sauke ni a bakin wani gida mai dangar kara, da turken shanu a bayansa. Mutanen gidan asalinsu makiyaya ne, amma sun daɗe da zama wuri ɗaya suna noma. Na yi sallama, aka amsa daga ciki.

Kakar tana zaune a inuwar ɗaki tana burga nono. Doguwar tsohuwa ce, fara, mai dogayen yatsu. Na durƙusa.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Ya hanya?"

"Hanya lafiya. Ya dabbobi, ya aikin kaka?"

"Mun gode Allah. Ya maigidan, ya yara?"

Sai da muka ƙare gaisuwa tsaf, ta sa aka shimfiɗa min tabarma, ta dama fura da hannunta ta miƙo min. Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Sai da na sha na ajiye ludayi, sannan ta dube ni ta ce, "Malama, ke ce kika auna min jika?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"To. Ni na yaye yarinyar nan, tun daga nan take hannuna. Na goya ta zuwa asibitin Gwarzo ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Likita yakan tsayar da ita jikin bango ya auna ta, ya rubuta a takarda ya rufe. Bai taɓa tara mutane ya ce su maimaita abin da ya gani ba."

Ba ta ɗaga murya ba, hannunta ma bai daina juya maburgi ba. Na ce mata na yi kuskure, ban san da ciwon ba, kuma ko da babu ciwo bai kamata na yi darasi da jikin 'yar mutane ba. Na roƙe ta gafara. Sannan na ce, "Amma Inna, ban zo don ba da haƙuri kawai ba. Yarinyar nan tana da kai. In ta zauna a gida saboda wautata, na cuce ta sau biyu. Ba zan yarda ba."

Ta ɗan dube ni, kamar tana mamakin ƙarfin halina. Ta ce, "Wai me kike koya musu ne da sai an jera mutane?"

Na yi mata bayani da Hausa, yadda Bature ke cewa wannan babba ne, wannan ya fi shi, wancan kuma ya fi duka. Ta saki maburgi ta yi dariya har tana riƙe baki.

"Abin ke nan? Shi ne sai da ɗan Adam? Mu nan ko shanu ba ma jerawa a gaban mutane mu ce wannan ta fi wannan, saboda baki. In jeri kike so, ga jeri can."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fara fito da ƙore. Ta ajiye ɗan koko, ta ajiye ƙwaryar tatsa, ta jawo wani ƙaton masaki da sai da ta sa hannu biyu. Wasu farare ƙal, wasu an yi musu zane da wuta. Ta jera su a ƙasa, ta ɗaga murya wajen ƙofar ɗaya ɗakin ta ce, "Ke, fito. Na san kina ji. Zo ki faɗa min waɗannan da Turancin naku."

Yarinyar ta fito a hankali, ta durƙusa ta gaishe ni ba tare da ta kalle ni ba. Ta nuna ƙoren da yatsa ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa: "Big. Bigger. Biggest."

Na ce, "In za ki rubuta ta biyun fa?"

"Sai na ninka harafin ƙarshe, Malama."

Na ɗauki wata ƙwarya mai zane na ajiye kusa da wata mai ɗan zane kaɗan, na ce ta gwada su da "beautiful". Sai na ga hijabinta yana motsi. Tafi take yi a ciki, a hankali, sau uku. Ta ce, "More beautiful."

Duk ajin nan babu wadda darasin ya zauna mata kamar wadda na kunyata da shi.

Sannan ta ɗago kai karo na farko ta ce, "Malama, in na koma za su ci gaba da faɗa."

Na ce, "Wasu za su faɗa, na kwana biyu. Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba. Amma ni na saka musu kalmar a baki, kuma na san yadda zan yi da su. Ke dai ki zo."

Kakar ce ta yanke maganar. Ta ce ranar Litinin za ta kai nono cikin gari, za ta biyo da yarinyar, kuma za ta taho da ƙoren, tunda makarantar gwamnati guda ta rasa abin jerawa.

Ranar Litinin na shiga aji tun kafin su iso. Ban ɗauki bulala ba, ban kuma tambayi wadda ta fara kiran sunan ba. Na ce musu, "Kwanakin baya na yi abin da bai dace ba. Na tsayar da 'yar'uwarku na sa kuka yi mata dariya. Laifina ne, kuma na je har gida na ba da haƙuri. Daga yau duk wadda ta kira ta da sunan nan, da ni take yi." Yaran suka zuba min ido. Ina jin ba su taɓa jin malami ya ce ya yi laifi ba. Ban faɗa musu komai game da ciwonta ba, don ba nawa ba ne da zan faɗa.

Can sai ga sallama. Kakar ta shigo da kaya niƙi-niƙi a ka, an ɗaure cikin zane, jikar tana biye da ita riƙe da masaki. Yara suka miƙe suka gaishe ta. Na ba ta kujerata, ta zauna ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta, yarinyar kuma ta wuce lungunta.

Muka jera ƙoren a kan tebur. Ranar na koyar da darasin da ban taɓa koyar da irinsa ba. Muka yi "small, smaller, smallest" da kokuna. Muka zuba ƙasa a cikin wasu, yara suna ɗagawa suna jin nauyi, muka yi "heavy, heavier, heaviest", na nuna musu yadda harafin ƙarshe ke sauyawa kafin a yi ƙarin. Da ludaya uku muka yi "long". Masu zane kuma suka ba mu "beautiful", har gardama ta tashi kan wacce ce "the most beautiful", aka rabu gida biyu, kowane ɓangare yana kare tasa da Turancin da ya samu. Ban hana su ba. Duk wadda ta ce "more bigger" sai sauran su tafa mata sau ɗaya, ta gyara da kanta.

Tsohuwar tana kallo, sai can ta ɗauko wasu ƙore biyu daga cikin zanen ta ɗaga su sama. Ta ce, "To 'yan boko, waɗannan duma ɗaya aka fafe aka fitar da su. Wacce ta fi?"

Yara suka duba, suka ce babu.

"To yaya Bature yake cewa babu wadda ta fi? Ko shi a wurinsa dole sai wani ya fi wani?"

Suka juyo suna kallona. Wannan darasin mako mai zuwa ne a tsarina, amma na ɗauki alli nan take na rubuta a allo: "This calabash is as big as that one." Na bayyana musu. Na ce wa tsohuwar, "Yana da shi, Inna. Ga shi nan." Ta kalli rubutun da ba ta iya karantawa ba, ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu na ji magana."

Saura kalmomin da ba sa bin ƙa'ida. Na tambayi Inna wane nono ta kawo, ta ce akwai tsala akwai kindirmo. Na ce wa aji, tsala "good" ne, to kindirmo fa? Doguwar nan da ta tsaya wajen taga ranar Talata ta yi wuf ta tafa sau ɗaya ta ce, "Gooder!"

Na ce, "Kin bi ƙa'ida daidai, amma ba haka ba ne. Wa ya sani?"

Sai na ga hannu ya ɗago daga lungun gaba, karo na farko tun da na zo makarantar.

"Better, Malama. In ya fi duka kuma, best."

Na ce aji ya tafa mata. Suka tafa, doguwar ma ta tafa. Kakar ta karkato ta tambaye ni me ya faru, na ce mata akwai wasu kalmomi da ba sa karɓar ƙarin da ake yi wa sauran, sai dai su sauya gaba ɗaya, kuma jikarta ce kaɗai ta san wannan. Ta ce, "Ashe su ma suna da masu ƙin bin garke." Ta gwada faɗin kalmar, ta ce "beta", yara suka fashe da dariya, ta sake faɗa da ƙarfi don su ƙara. Da aka kaɗa ƙararrawa ta ɗauki nononta ta ce ƙoren su zauna har ƙarshen zango.

Sunan bai mutu a ranar ba. Wasu yara biyu sun ci gaba da faɗarsa a ɓoye, sai da na kira su ɗakin malamai na zaunar da su, ɗaya ma sai da na aika aka kira yayarta. A ƙauyensu kuma ba ni da iko da bakin yaran unguwa, kakar ce ta ji da wannan, kuma na ji labarin ba ta yi musu da sauƙi ba. Kafin a yi jarrabawa dai na daina jin sa a makaranta.

Da sanyi ya shigo ciwon ya tashi, ta yi mako uku a kwance. Nakan rubuta mata abin da muka yi a takarda na ba wata maƙwabciyarsu ta kai mata, ta yi aikin ta aiko. Ta dawo ta rame, ta zauna jarrabawa tare da kowa. A sashen kwatance tambaya ɗaya ta faɗi: ta rubuta "farer" a inda ake son "farther". Na zagaye shi da jan biro kamar yadda zan yi wa kowa. Ta zo har tebur ta ce ban koya musu wannan ba. Na duba littafina na ga gaskiyarta, na ba ta makinta, na ba duk ajin. Ta wuce aji uku, daga nan ta tafi babbar sakandare.

Ƙoren kuwa sun yi aiki fiye da yadda aka aro su. Malamin lissafi ya ɗauka ya koyar da awo, malamar kimiyya ma ta ɗauka. A wannan yawon ne masakin ya faɗo daga kan kabad ya tsage tun daga baki har kusan gindi. Na kai shi wurin wani gyartai a kasuwar Gwarzo ya ɗinke, ranar da aka yi hutu na ɗaure kayan duka na kai wa mai su.

Bayan mun gaisa na kwance zanen, na nuna mata tsagin kafin ta gani da kanta. Ta ɗauki masakin ta juya shi a rana, ta bi ɗinkin da farce.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani gyartai ne a Gwarzo, Inna."

"Bai iya ba. Ya ja zaren da yawa, nono zai bi ta nan." Ta ƙwanƙwasa shi ta saurari ƙararsa, ta ture shi gabana. "Ya tashi daga aikin nono. Tafi da shi, ki haɗa da koko ɗaya da ƙwarya ɗaya. Ai wasu yaran suna tafe baɗi."

Na yi godiya. Ta sa jikar ta raka ni bakin hanya, muka tsaya a gindin wata ɗorawa muna jiran abin hawa, tana ba ni labarin wata karsana da aka ce tata ce in ta haihu. Da mai acaɓa ya zo ya ga kayan, ya ce masakin ba zai zauna a gaba ba, sai dai na riƙe. Haka na kifa shi a cinyata na rungume har bakin titi.